Yadda Ake Tafiyar da Fafutukar Rage Sharar Leda da Roba a Kano, Daga Bakin Kwata Zuwa Zauren Majalisa

Tambayar da ƙungiyoyin matasa da na unguwanni suka fi yawan aikowa iri ɗaya ce. An yi gayya an yashe kwata, an tara leda da robar lemo tsibi-tsibi, mota ta zo ta kwashe, bayan sati biyu komai ya dawo kamar ba a taɓa ba. To ta yaya za a kai maganar inda za a sauya doka, har wanda ya ƙera ledar ya ɗauki wani kaso na nauyin kwashe ta?

Tsarin da ake nufi shi ne wanda ake taƙaita sunansa da EPR. Ma'anarsa a sauƙaƙe: kamfanin da ya zuba kaya a leda ko roba ya fitar kasuwa, alhakinsa bai ƙare a bakin ƙofar masana'anta ba, sai ya biya kuɗin tattaro mazubin da sake sarrafa shi. Ga matakan aikin a jere, kuma jerin yana da muhimmanci, domin yawancin ƙungiyoyin da suka gaji suka watse sun fara ne daga mataki na takwas.

1. Ku tsayar da buƙata guda

"A magance matsalar leda" buri ne kawai, babu jami'in da zai iya sa hannu a kansa. Buƙata ita ce wadda ke da mai aiwatarwa, da abin da zai yi, da ranar da zai yi shi. Misali: Ma'aikatar Muhalli ta jiha ta wajabta wa duk mai sarrafa ruwan leda da lemon roba a ƙananan hukumomi 8 na ƙwaryar birni, wato Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo, ya yi rajista, ya riƙa bayyana adadin mazubin da yake fitarwa duk wata 3, cikin shekara guda daga ranar da aka amince.

Ku rubuta buƙatar a jimla ɗaya, ku karanta wa wanda bai san komai game da aikin ba. Idan bai iya maimaita muku ita ba, ku sake.

Gargaɗi: kada ku buɗe da "a haramta leda". Ruwan leda shi ne ruwan shan dubban gidaje a garin da famfo ba ya wadatarwa, kuma masana'antun roba a Sharaɗa, Challawa da Bompai suna ciyar da mutane masu yawa. Ranar da kuka ce haramci, kun haɗa kan mai masana'anta da ɗan talla da mai shan ruwan a kanku. Ko Legas da ta haramta farin mazubin abincin nan mai kama da soso a Janairun 2024, ta kuma fara tilasta haramcin wasu robobin yarwa a Yulin 2025, ba ta sa ruwan leda da robar lemo a ciki ba. Idan za a yi maganar haramci a Kano, a keɓe shi ga abin da yake da madadi kuma babu mai saye idan ya zama shara, taura biyu ba ta taunuwa.

2. Ku san abin da ke rubuce tun kafin ku

Wannan aikin sati biyu ne ga mutum biyu, ɗaya daga ciki ya kasance lauya ko ɗalibin shari'a. Abin da za su tattaro: dokar da ta kafa NESREA, hukumar tarayya mai tilasta bin ƙa'idojin muhalli, a 2007, ƙa'idojin EPR da hukumar ta fitar a 2014, Manufar Ƙasa Kan Sharar Roba ta 2020, da dokokin jiha da suka shafi tsaftar muhalli da hukumar kwashe shara ta REMASAB. Su duba sashe na 20 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 da ya ɗora wa gwamnati kare muhalli, da jadawali na huɗu da ya sa kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Su kuma san cewa manyan kamfanonin abinci da abin sha sun kafa ƙungiyar FBRA a 2018 domin sauke wannan nauyi a matakin ƙasa.

Amfanin wannan shi ne idan kuka shiga ofis ba za ku zo da baƙon abu ba. Za ku ce ne ga abin da tarayya ta riga ta amince da shi, muna so Kano ta aiwatar da nata ɓangaren. Jami'i ya fi sakin jiki da aiwatar da abin da ke ƙasa a kan ƙirƙirar sabo.

Ku riƙe darussa biyu daga Abuja. A 2019 Majalisar Wakilai ta amince da ƙudirin haramta leda, bai zama doka ba. A 2023 an sanya harajin kashi 10 cikin 100 a kan robobin yarwa, aka dakatar da shi a watan Yulin shekarar bayan masu masana'antu sun koka. Duka biyun sun nuna abin da ke faruwa idan ba a tafi da waɗanda abin zai shafa ba.

3. Tattara hujja daga kwata da bola

Nan ne ya kamata ku fi ɓata lokaci. Alƙaluman da ake kwasowa daga intanet game da Najeriya baki ɗaya ba sa girgiza ɗan majalisar Kano. Abin da ke girgiza shi shi ne a ce masa, a kwatar da ke bayan kasuwar mazaɓarka mun ciro kilo kaza, kuma kashi kaza cikin ɗari ledar ruwa ce.

Kayan aiki: safar hannu mai kauri, takalmin ruwa, takunkumi, manjagara da shebur, buhuna masu lamba, babban tamfol na shanya, sikeli mai ƙugiya da ke ɗaukar kilo 50, ƙaramin sikelin kicin mai auna giram, igiyar awo, akwatin taimakon gaggawa, da waya mai ɗaukar hoto da nuna wuri. Domin shigar da bayanai, manhajar KoboToolbox kyauta ce kuma tana aiki ba tare da intanet ba. Duk da haka ku riƙe takarda da biro, waya na mutuwa.

Ku zaɓi wurare 6 zuwa 8 masu bambancin hali: bakin babbar kasuwa kamar Kantin Kwari ko Singa, kasuwar kayan gwari irin 'Yankaba, tashar mota, ƙofar makaranta, lungu a cikin birni, sabuwar unguwa a bayan gari, da wani yanki na magudanar Jakara. A kowane wuri ku auna tsawon mita 50, ku sa alama, ku ɗauki hoto kafin a taɓa komai. Duk abin da aka ciro a shanya shi a kan tamfol ya bushe, a kakkaɓe ƙasa, sannan a auna. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ledar da aka ciro daga kwata cike take da ruwa da laka, idan kuka auna ta a jiƙe nauyin zai ninka, kuma injiniyan kamfani na farko da ya ga rahotonku zai gano, daga nan duk sauran alƙalumanku sun zama abin zargi.

Bayan ya bushe sai a ware kashi-kashi: ledar ruwa, baƙar leda, robar lemo da ruwa, murafu, ledar biskit da omo da madara mai ƙyalli a ciki, mazubin abinci, fasassun bokitai da kujeru, ƙunzugun jarirai. Lambar da ke cikin alwatika a gindin roba tana taimakawa: 1 robar lemo ce, 2 jarka da robar man shafawa, 4 yawancin leda mai laushi, 5 bokitai da murafu da yawa, 6 mazubin abinci mai soso. Kowane kashi a ƙirga shi a kuma auna shi. Ƙirga da awo ba su ba da labari ɗaya: robar lemo ta fi nauyi, leda ta fi yawa kuma ita ce ke shimfiɗuwa ta toshe bakin kwalbati. Sannan a rubuta sunan kamfanin da ke jikin kowane mazubi da lambar NAFDAC idan tana karantuwa. Wanda rubutunsa ya goge a sa shi a layin "ba a gane ba", kada a yi masa hasashe.

Ku maimaita a wuraren nan dai sau biyu aƙalla, ɗaya da rani ɗaya a tsakiyar damina, wajen Agusta, lokacin da ruwa ke kwararo sharar unguwannin sama zuwa ƙasa. Ku ƙara da hujjoji biyu da mutane ke ji a jikinsu: ku tattauna da mahauta a kwatar yanka da likitocin dabbobi kan dunƙulen ledar da ake cirowa daga tumbin shanu da awaki, ku kuma ji ta bakin manoman bayan gari da ke sayen takin bola, su nuna muku yadda leda ke fitowa a bakin garma.

Gargaɗi uku a nan. Na farko, ku sanar da mai unguwa da shugabannin kasuwa kwana biyu kafin ku zo. Na biyu, idan kuka ga sirinji, auduga mai jini ko ledar ƙarin ruwa, ku bar wurin, ku rubuta, ku sanar da hukuma. Kuma kada a sa yara a wannan aiki. Na uku, kada ku wallafa sunan kamfani ko ɗaya tukuna. Akwai masu buga ledar jabu da sunan wani, kuma wallafa suna kafin a ji ta bakin mai shi yana rufe ƙofar da za ku buƙata a mataki na shida, yana iya kai ku kotu ma.

Ku nemi malami ɗaya daga sashen nazarin ƙasa ko muhalli a Jami'ar Bayero ya duba tsarin awonku kafin ku fita, ya kuma duba sakamakon. Rahoton da masani ya bi ta kansa ya fi wuyar turewa.

Bayanan da ke hannun gwamnati, kamar kuɗin da ake kashewa wajen yashe magudanan ruwa kowace shekara, ana nema ne da wasiƙa ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Ku kai wasiƙar hannu da hannu, kwafi biyu, a buga muku hatimi da kwanan wata a kan naku.

4. Tsarin cikin gida da kuɗi

Ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin ƙungiya mai amintattu, ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiyar mai masu sa hannu biyu ko uku. Banki zai nemi takardar SCUML, sashen hukumar EFCC mai yaƙi da halatta kuɗin haram. Aikin kansa mutum biyar ke riƙe shi: mai jan ragama, mai kula da bayanai, mai bin ofisoshi da majalisa, mai magana da kafafen yaɗa labarai, da ma'aji. A tsayar da mutum ɗaya ko biyu da ke magana da sunan ƙungiya. Sauran su tura tambaya gare su.

A kasafinku, abubuwan da suka fi cin kuɗi su ne sufuri da abincin masu aikin awo, lokacin rediyo, buga takardu, ɗakin taro, da lauyan da zai tsara daftarin doka. Ku tsara kasafin wata 18 zuwa 24, ba na wata 3 ba, ku ware kashi 10 zuwa 15 cikin 100 domin tashin farashi. Ɗakin taron otal shi ne abin da ya fi sauƙin yankewa, domin ajin makaranta ko ɗakin taron jami'a yana biyan buƙata. Kuɗin lauya kuwa ba a yanke shi.

Idan kamfanin da kuke neman a ɗora wa nauyi ya yi tayin ɗaukar nauyin taronku ko buga muku riguna, ku yi godiya ku ƙi. Yana iya ba da gudummawar buhuna ko mota ga masu tattara roba kai tsaye, amma albashinku da rahotonku kada su rataya a aljihunsa.

5. 'Yan jari-bola kafin kowa

Ku zana jerin duk wanda abin ya shafa, kowanne da abin da zai samu, abin da yake tsoron rasawa, da wanda yake jin maganarsa. Ma'aikatar Muhalli, REMASAB, Ma'aikatar Ciniki, Ma'aikatar Shari'a, ofishin NESREA na jiha, kwamitin muhalli na Majalisar Dokoki, ƙananan hukumomi, masarauta daga hakimi zuwa dagaci da mai unguwa, malamai, ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da masu masana'antu.

Amma zaman farko na masu tsintar roba ne, da dillalan da ke saye a hannunsu a kan sikeli, da masu injin niƙa roba. Su ne tsarin sake sarrafawar da Kano take da shi a aikace, tun kafin kowa ya ji sunan EPR. Da ɗan gari akan ci gari. Ku je inda suke, da safe kafin su fita ko da yamma lokacin awo, ku tambaye su: wace roba ce ke da kasuwa, wacce ce ba a ɗauka, nawa ake sayen kilo a wannan watan, mene ne ke sa farashi ya faɗi, wa ke tare su a hanya. Za ku ji cewa robar lemo da fasassun bokitai suna da mai saye, ledar ruwa sai an tara buhu guda kafin ta yi nauyin kirki, ledar biskit mai ƙyalli kuwa babu mai ko kallonta. Wannan amsar ita ce zuciyar buƙatarku. Abin da ya rage a kwata shi ne abin da tsintarsa ba ta biyan wahalar sunkuyo, kuma kuɗin da kamfanoni za su biya aikinsa shi ne ya cike wannan giɓin, ya zama ƙari a kan kowane kilo ga wanda ya tsinto.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a tsara doka da za ta miƙa duk aikin ga babban ɗan kwangila guda, ta mayar da mai buhu a kafaɗa mai laifi. Ku tabbata suna da wakilai biyu aƙalla a kwamitinku, mace ɗaya a ciki, domin mata da yawa ke wankewa da ware robar a gidaje, a kuma biya su kuɗin yinin da suka rasa duk ranar taro.

6. Zama da masu masana'antu

Kada ku tara su a ɗaki ɗaya da 'yan jarida a karon farko. Ku bi ta ƙungiyoyinsu: reshen Kano na ƙungiyar masu masana'antu ta MAN, cibiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA, da ƙungiyar masu ruwan leda ta ATWAP. Ku aika wasiƙa da taƙaitaccen sakamakon awonku, kowane kamfani a nuna masa nasa alƙaluman shi kaɗai, a ba shi sati biyu ya yi gyara ko bayani.

Ƙorafe-ƙorafensu sanannu ne kuma akwai gaskiya a cikinsu: tsadar dizal da wuta, haraji barkatai, da tsoron cewa su masu rajista za su biya yayin da mai buga ruwa a bayan gida zai ci bulus. Babban kamfani kuma zai ce ai yana biya ta FBRA. Ku shiga da amsa ga kowanne. A rangwanta wa wanda ya nuna shaidar robar da aka tattara da kuɗinsa a cikin jihar Kano, ba a wani wuri ba. A raba masu biya mataki-mataki bisa girman abin da suke fitarwa. Shekarar farko ta zama ta rajista da bayyana adadi kawai, biya ya fara a ta biyu.

Ku yi lissafi a gabansu da biro. Jakar ruwan leda ɗaya tana da guda 20. A ɗauka, a matsayin misali, ƙaramar masana'anta tana fitar da jaka 500 a rana: leda 10,000 ke nan, a kwana 26 na aiki 260,000. Idan aka ce naira 1 a kan kowace leda, jaka ta ƙaru da naira 20, masana'antar za ta biya 260,000 a wata, kuma za ta yaƙe ku da duk ƙarfinta. Idan naira 1 ce a kan jaka, 13,000 ne a wata. Tsakanin waɗannan biyu ake ciniki, kuma abin da zai yanke shi shi ne ainihin kuɗin tattara kilo ɗaya. Ku auna busassun ledoji 100 a ƙaramin sikeli ku san nawa ke yin kilo, ku haɗa da farashin da dillalai suka faɗa muku, sai adadin ya fito daga lissafi.

Kada ku kira kuɗin haraji, kada kuma ku tsara shi ya shiga babban asusun gwamnati. Idan ya shiga can, ya haɗu da albashi da kwangilar titi, ba zai dawo bakin kwata ba, kuma lauyoyin kamfanoni za su ƙalubalance shi a matsayin haraji biyu a kan abu ɗaya. Abin da ya fi tsayuwa shi ne asusu na daban da ƙungiyar masu sarrafawa, wato kamfanonin da ke fitar da kayan, ke riƙewa, gwamnati na sa ido, ana binciken lissafinsa ana wallafawa duk shekara.

7. Takardu biyu

Ta farko shafi 2 ce, da Hausa da Turanci: matsalar da alƙalumanku, buƙatar a jimla ɗaya, wa zai biya, nawa, me jiha za ta samu. Hoto ɗaya, jadawali ɗaya. Ita ake miƙa wa kwamishina da ɗan majalisa. Cikakken rahoton ya zauna a jaka sai an nema.

Ta biyu daftarin doka ne ko ƙa'ida, kuma lauya ke rubuta shi. Ku tabbata ya fayyace wane ne "mai sarrafawa", har da mai shigo da kaya daga wata jiha ko ƙasa, in ba haka ba kun hukunta masana'antun Kano kun bar na waje. Ya ƙunshi rajista, bayyana adadi, kason da za a tattara kowace shekara yana ƙaruwa a hankali, kujerun masu tsinta a hukumar asusun, hukunci mai hawa-hawa daga gargaɗi zuwa tara, da ranar fara aiki. Idan za a hana siririyar leda, a rubuta kaurin da lamba, kamar yadda Legas ta tsayar da maikiron 40, a kuma tanadi na'urar auna kauri ga jami'ai. Kalmar "siririya" kawai ba ta tsayuwa a gaban alƙali.

Dokokin Ruwanda ta 2008 da Kenya ta 2017 kan leda, da ƙa'idojin EPR na Afirka ta Kudu da suka fara aiki a 2021, sun cancanci karantawa. A ɗauki dabara daga cikinsu, kada a kwafo su ɗungurungum.

8. Wace ƙofa: ma'aikata ko majalisa

Idan lauyanku ya ga dokar da ake da ita ta ba kwamishina ikon fitar da ƙa'idoji, wannan hanyar ta fi sauri, sai dai wanda ya gaje shi yana iya jingine ta. Doka daga majalisa ta fi daɗewa kafin a samu, ta fi kuma daɗewa a raye. Da yawa sukan fara da ƙa'idar rajista a ma'aikata, su yi amfani da bayanan da ta samar wajen neman doka.

A ma'aikata, ku fara da darakta da babban sakatare kafin kwamishina. Kwamishina na sauyawa, fayil yana hannun ma'aikata. A majalisa mai kujeru 40, mutanen da za ku fara sani su ne shugaban kwamitin muhalli da sakataren kwamitin, sai shugaban masu rinjaye. Ƙudiri yana bi ta karatu na ɗaya, na biyu inda ake muhawara, kwamiti da jin ra'ayin jama'a, karatu na uku, sannan a kai wa gwamna, wanda tsarin mulki ya ba kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Ƙudirin da ya fito daga ɓangaren zartarwa ya fi saurin wucewa, shi ya sa samun Ma'aikatar Shari'a da wuri yake da riba.

Ranar jin ra'ayin jama'a ba ranar shiri ba ce, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku miƙa takardarku a rubuce kafin wa'adi. Ku shirya masu magana huɗu, kowa minti 3: mai tsintar roba, mahauci ko makiyayi, magidancin da ruwa ya shiga gidansa, da mai masana'anta ɗaya da ya yarda da tsarin. Na ƙarshen nan ya fi sauran nauyi a kunnen 'yan majalisa.

A Kano komai yana iya rikiɗewa ya zama siyasa cikin dare ɗaya. Ku nemi masu goyon baya daga kowane ɓangare, ku kula da launin hula da rigar da kuke sawa a taro, kada ku bari wani ɗan takara ya mayar da aikin nasa. Kuma ƙudirin da bai kammala ba kafin wa'adin majalisa ya ƙare, da shi yake mutuwa, sai a sake daga farko. Shekarar zaɓe ta tattara hujja ce, ba ta shigar da ƙudiri ba.

9. Rediyo da mumbari

Garin rediyo ne. Shirin kiran waya na minti 30 da Hausa ya fi taron manema labarai tasiri, musamman idan aka sa shi a makon da aka yi ruwa mai ƙarfi, ko daf da tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, ko 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya. Ku shiga da lamba ɗaya da buƙata ɗaya. Mai kira zai ce za a ƙara kuɗin ruwa, ku riƙe lissafin mataki na shida a hannu. Ga limamai, ku kai musu shafi guda na bayanai, su suka san ayoyi da hadisan tsafta da kawar da cuta daga hanya. Gajeren bidiyon kwata kafin da bayan awo ya dace da Facebook da WhatsApp, amma kada a ɗauki fuskar mai tsinta ko almajiri ba da izini ba.

10. Bayan an sa hannu

Ku nemi kwafin da aka buga a gazet, wato jaridar da gwamnati ke wallafa dokoki a cikinta, domin shi kotu ke aiki da shi. Ku bi Ma'aikatar Kasafi tun tsakiyar shekara, lokacin da ake neman ma'aikatu su miƙa buƙatunsu, ku tabbata akwai layin kuɗi na rajista, horar da jami'ai da kayan awo. Idan aka jira sai gwamna ya gabatar da kasafi a ƙarshen shekara, an makara. Ku halarci zaman kare kasafi na kwamitin muhalli.

Sannan ku buɗe littafin bibiya mai ginshiƙai biyar, ana cika shi duk wata 3: kamfanoni nawa suka yi rajista, nawa ya shiga asusun, nawa ya isa hannun masu tsinta, tan nawa aka tattara da rasidin sikelin wanda ya saya, da sakamakon sabon awo. Rasidin nan ku riƙa bin sahunsa, domin ana iya sayar da kaya ɗaya a takarda sau biyu. Ku zaɓi rasidi 10 ba tare da sanarwa ba, ku je wurin mai injin ku gwada da littafinsa. Awon kuwa a koma mita 50 ɗin nan da aka sa wa alama tun farko, a wata ɗaya da na bara, da sikeli ɗaya, a shanya a kakkaɓe kamar yadda aka yi a karon farko, sai a aika sakamakon ga kwamishina da kwamitin majalisa da ƙungiyar masu sarrafawa a rana ɗaya.